Iskar Kabon Monoksaid Daga Tsibin Taki: Tushenta, Yawanta da Haɗarinta Ga Ma'aikata

Tsakure

Wannan takarda ta duba wata iska da ba kasafai ake lissafa ta ba idan ana maganar mayar da shara taki, wato kabon monoksaid, wadda masana ke taƙaita sunanta da CO. An fi sanin ta a hayaƙin janareta da garwashin gawayi, amma binciken da aka yi a Jamus da Nowe da Kanada da Folan ya tabbatar da cewa tana fita daga tsibin taki ko da ba a ƙyasta ashana ba. Takardar ta bi diddigin hanyoyi biyu da iskar ke samuwa, ta kwatanta yawanta da na ƙona shara, sannan ta kafa hujja cewa barazanarta ga sararin samaniya ƙarama ce, amma ga ma'aikacin da ke juya taki a rufaffen wuri babba ce.

1.0 Gabatarwa

Manomin karkarar Kano ya daɗe da sanin darajar juji. Tun kafin zuwan takin zamani jakuna ke fita daga birni da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, suna kai wa gonakin da ke kewaye, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa ƙasar ta jure noma shekara da shekaru ba hutu, kamar yadda Michael Mortimore ya nuna a nazarce-nazarcensa kan yankin. Abin da ke sauyawa a yau shi ne girman aikin da wurin da ake yin sa. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa biranen duniya sun zubar da shara tan biliyan 2.01 a 2016, kuma kashi 44 cikin ɗari nata ragowar abinci ne da ganyaye. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun fitar da tan miliyan 174 a wannan shekarar, ana kuma sa ran adadin zai ninka kusan sau uku kafin 2050. A Tarayyar Turai, daga farkon 2024 ya zama wajibi a riƙa ware sharar da ke ruɓewa daga sauran shara. Saboda haka haɗa taki ya tashi daga bayan gida ya koma masana'anta, kuma masana'anta na son rufi da bango, don ta tsare wari daga maƙwabta, ta kuma tsare tsibi daga ruwan sama.

Idan aka zo lissafin iskar da wannan aiki ke fitarwa, hankali yakan tafi kan mitan da naitros oksaid da amoniya. Jagoran da kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya fitar a 2006 ya ba da alƙaluman mitan da naitros oksaid a babin ruɓar da shara, bai ware wa CO nata ba. Tunanin mutane da yawa shi ne in babu wuta babu wannan iska. Wannan tunanin ne takardar ke so ta gyara.

2.0 Abin da Ke Gudana a Cikin Tsibi

Tsibin taki gida ne na bakteriya da fumfuna masu shaƙar oksijin. Suna cin kabon da ke cikin ganye da kara da ragowar abinci, su fitar da kabon dayoksaid da tururi da zafi. A kwanakin farko zafin yakan haura digiri 45 a ma'aunin Salshiyas, ya kai 60 ko 70 a tsakiyar tsibi, sannan ya sauko sannu a hankali har takin ya nuna. Masu sana'ar sukan nemi danshi ya tsaya tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari, kabon kuma ya ninka naitrojin sau 25 zuwa 30. Abin lura a nan shi ne tsibi ɗaya ba yanayi ɗaya yake da shi ba. Fatarsa tana shan iska, cikinsa kuwa yana iya shaƙewa cikin sa'o'i kaɗan bayan an juya shi, har ma a cikin dunƙule guda ɗaya ana samun waje mai oksijin da ciki marar shi. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar abin da zai biyo baya.

3.0 Daga Ina Iskar Take Fitowa?

Wanda ya fara jan hankali sosai kan wannan batu shi ne H. J. Hellebrand na cibiyar injiniyancin noma da ke Bornim, a Potsdam ta ƙasar Jamus. A 1998 ya wallafa awon iskokin da ke fita daga takin ciyawa da ganyaye, sai ga CO a cikinsu. A 2001, shi da W. D. Kalk suka sake samun ta a takin kashin dabbobi. A 2008 kuma, tare da Gunnar Schade, suka yi gwajin da ya fi tasiri: suka kashe ƙananan halittun da ke cikin kayan, suka ga iskar ba ta daina fita ba, kuma tana ƙaruwa idan zafi ya ƙaru, tana raguwa idan aka janye oksijin. Suka yanke cewa asalinta haɗuwar oksijin ce da sinadaran tsiro a ƙarƙashin zafi, wato wani irin ci ne mai kama da na wuta, amma a hankali, ba harshe ba hayaƙi.

Wannan bayani yana da shaidu daga wasu fannoni. Tun 1982 Ralf Conrad da Wolfgang Seiler suka nuna cewa busasshiyar ƙasa mai zafi tana fitar da CO, alhali ƙasa mai danshi shanye ta take yi. An kuma tabbatar cewa busasshen ganye yana fitar da ita idan rana ta doke shi. Shaida mafi ɗaci ta fito daga cinikin dunƙulallen garin katako da ake hura wuta da shi a Turai. A watan Nuwamba na 2006, a tashar jiragen ruwa ta Helsingborg a Suwidin, wani ma'aikacin jirgi ya rasa ransa bayan ya shiga matattakalar da ke maƙwabtaka da rumbun da aka loda wannan kaya daga Kanada. Babu gobara a jirgin. Man da ke cikin katakon ne ya yi ta haɗuwa da oksijin a tsawon tafiyar, ya cinye iskar shaƙa, ya cika wurin da CO. Duk wanda ke shakkar cewa kayan tsiro na iya haifar da wannan iska ba tare da wuta ba, to wannan lamari ya ishe shi amsa.

Amma maganar ba ta tsaya nan ba. A 2006, Haarstad da abokan aikinsa a Nowe suka sami CO a sharar da ke ruɓewa a yanayin ƙarancin oksijin, inda bayanin Hellebrand ba zai wadatar ba, suka danganta ta ga aikin ƙananan halittu. Ilimin sinadaran rai yana goyon bayansu. Akwai wani enzayim da ake taƙaita sunansa da CODH, wanda ƙananan halittu masu samar da mitan da masu samar da asid ɗin tsami ke amfani da shi, kuma yana iya mayar da kabon dayoksaid zuwa CO, yana kuma iya yin akasin haka. Akwai enzayim da ke farfasa sinadarin da ke ba jini launinsa ja, kuma duk lokacin da ya yi hakan sai ya saki CO. Shi ya sa jikin ɗan Adam ma yake samar da ɗan kaɗan daga cikinta. Akwai fumfuna irin su Aspergillus flavus da ke sakin ta yayin da suke cin wasu sinadaran ganye. Binciken da aka yi a Edmonton ta Kanada a 2011, da jerin ayyukan da Andrzej Białowiec da Sylwia Stegenta-Dąbrowska da Karolina Sobieraj suka yi a jami'ar kimiyyar muhalli ta Wrocław a Folan, sun kai ga matsaya ɗaya: hanyoyin biyu suna aiki tare, zafi mai yawa yana fifita ta sinadarai, ƙarancin oksijin kuma yana buɗe wa ta halittu ƙofa.

Sai kuma abu na uku, wanda a ganina shi ne ya fi muhimmanci kuma shi aka fi mantawa. Tsibi yana samar da CO, yana kuma cin ta. Akwai bakteriya da dama da wannan iska ce abincinsu. Suna mayar da ita kabon dayoksaid su sami ƙarfi. Saboda haka abin da na'ura ta auna a saman tsibi ragowa ce, wato abin da aka samar a cire abin da aka cinye a hanya. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa awon da aka ɗauka a cikin tsibi yakan fi na samansa nesa ba kusa ba, ya kuma bayyana abin da ke faruwa a lokacin juyi. Idan katafila ko shebur ya tsaga tsibi, iskar da ta taru a ciki tana tsallake masu cin ta, ta fito gaba ɗaya, a daidai lokacin da mutum ya fi kusa da tsibin, kuma numfashinsa ya fi ƙarfi saboda aiki. Awon da masanan Wrocław suka yi a masana'antun taki ya nuna fitar iskar tana ƙaruwa bayan juyi.

Daga nan za a ga cewa shawarar da aka saba bayarwa, wato a ƙara wa tsibi iska, ba ta warware wannan matsala yadda take warware ta mitan. Ƙarin oksijin yana toshe hanyar halittu, amma yana ciyar da hanyar sinadarai, musamman idan tsibin ya haura digiri 60. Rage zafin kuma ba zaɓi ba ne da za a ɗauka da sauƙi, domin wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwayayen tsutsar ciki da irin ciyawa. Dokokin ƙasashe da yawa suna buƙatar taki ya kwana kwanaki a digiri 55 ko sama kafin a yarda da shi. Gaba kura ce, baya siyaki. Abin da hankali zai karɓa shi ne fitar CO wani ɓangare ne na haɗa taki mai kyau, ba alamar kuskure ba, kuma tsari ya kamata ya tafi kan inda za ta bi bayan ta fito.

4.0 Yawanta da Tasirinta Ga Sararin Samaniya

Jagoran ƙididdigar gurɓatar iska na Hukumar Muhalli ta Turai ya ba da kilo 0.56 na CO a kowane tan na sharar lambu da aka ruɓar a dogayen tsibi a fili. A sama, CO takan yi kimanin wata biyu kafin ta rikiɗe. Ba ta riƙe zafi sosai da kanta, amma tana cinye sinadarin da ke wanke mitan daga sararin samaniya, ta haka tana tsawaita rayuwar mitan, tana kuma taimakawa wajen samar da ozon na kusa da ƙasa mai cutar da huhu da amfanin gona.

Duk da haka, dole a ajiye adadin a mizaninsa. Gobarar daji a yankin sabana tana fitar da kimanin kilo 65 na CO a kowane tan na busasshiyar ciyawa, ƙona bola a unguwa kuma yana fitar da gomman kilo a kowane tan, ban da baƙin hayaƙi da gubar leda. Ko an yi la'akari da cewa ɗaya jiƙaƙƙen kaya ne ɗaya busasshe, tazarar tana da faɗi ƙwarai. Ina jaddada wannan ne don kada wani ya ɗauka cewa haɗa taki gurɓata iska ne. Duk tan ɗin sharar da aka ƙwato daga wuta aka kai tsibi, riba ce ga iskar gari.

5.0 Ma'aikaci a Ƙarƙashin Rufi

A nan ne damuwata take. CO ba ta da launi, ba ta da wari, nauyinta kusan ɗaya yake da na iskar da muke shaƙa, don haka ba ta kwanciya a ƙasa ba ta tashi sama, gauraya take yi. Idan ta shiga jini tana kama himoglobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta hana shi kai iska ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Bayan mutum ya fita daga wurin, sai ya yi sa'o'i huɗu zuwa biyar kafin rabin abin da ya shaƙa ya bar jininsa, sai dai in an saka masa tsantsar oksijin.

Ana auna ta da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. A iskar daji mai tsabta ba ta wuce kusan 0.1 ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade 20 a matsayin matsakaicin abin da ma'aikaci zai shaƙa a aikin sa'o'i takwas, da 100 na minti goma sha biyar. A Amurka dokar wuraren aiki ta tsaya a 50, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar kuma ta ba da shawarar 35, ta kuma ɗauki 1,200 a matsayin haɗari nan take ga rai ko lafiya.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi, wanda misali ne kawai don a ga girman abin. A ɗauka akwai zaure mai tsawon mita 30, faɗin mita 20, tsayin mita 6, wato yana ɗauke da iska mita kubik 3,600. An zuba shara tan 100 a ciki, za ta nuna cikin kwana 90. Bisa adadin Turai, za ta fitar da kilo 56, wato kimanin giram 26 a kowace sa'a idan aka raba daidai. Iyakar ppm 20 daidai take da miligiram 23 a kowace mita kubik, wanda ke nufin giram 83 sun isa su kai zauren gaba ɗaya iyaka. Idan aka kulle ƙofofi, aka kashe fanka, cikin sa'o'i uku da 'yan mintuna an kai wannan iyaka. Idan aka bar shi daga magariba zuwa safiya, sa'o'i goma sha biyu, ma'aikacin da ya buɗe ƙofa zai tarar da kusan ppm 75. Kuma wannan lissafi ya yi sassauci, domin iskar ba a rabe take fita daidai ba. Makonnin farko, lokacin da tsibi ke kan ganiyar zafinsa, sun fi fitar da ita.

Injiniyan da ya zana irin wannan zaure a Jamus ko Folan ya dogara da fanka mai zuƙe iska dare da rana. Duk wanda ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu ya san cewa wannan dogaro ba zai yi mana ba, kuma idan maganin ɗaukewar wuta shi ne a tayar da janareta a gefen zauren, ko a shigo da katafila mai shan gas cikinsa, to an ƙara wa iskar tushe na biyu.

Alamomin farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. A wurinmu, mai irin waɗannan alamomi zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiya ko warin shara, ya sha magani ya koma aiki. Ko ya je asibiti, ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambanta jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki CO, tana iya nuna lafiya lau ga mutumin da ke cikin haɗari. Abin da ya kamata ya ɗaga hankalin mai kula da ma'aikata shi ne ciwon kai da ke kama mutane da yawa lokaci guda, ya sauka idan sun fita, ya dawo idan sun shiga. Masu ciwon zuciya da mata masu juna biyu sun fi kowa rauni a gabanta, kuma a harkar tace taki da zuba shi a buhu mata na da yawa.

Tsibin da ke fili, kamar na bayan gida ko na bakin gona, iska ce ke kwashe abin da ya fitar, haka ma ramin taki da bai wuce ƙugu ba. Wuraren da ke buƙatar kiyayewa su ne zaure mai bango huɗu, da tankin ruɓarwa da ake shiga don sharewa, da tsibin da aka lulluɓe da tamfol, inda mai yaye rufin ke karɓar tururin farko a fuska.

6.0 Matsalar Awo

Yawancin ƙananan na'urorin hannu suna gane CO ta hanyar wani batiri na sinadarai, kuma irin wannan batiri yana ruɗewa da haidrojin da haidrojin salfaid, ya lissafa su a matsayin CO. Duka biyun suna samuwa a shaƙaƙƙen ɓangaren tsibi. Tururi mai zafi ma yana dagula awo. Don haka adadin da aka samu ta hanyar cusa na'urar hannu cikin tsibi yana buƙatar tabbatarwa da na'ura mai aiki da hasken infrared ko mai rarrabe iskoki a ɗakin gwaji. Don kare rai kuwa na'urar hannu ta wadatar, domin kuskurenta ya fi karkata ga yin ƙara da wuri.

Akwai kuma ruɗani da gobara. A manyan wuraren zubar da shara ana ɗaukar CO mai yawa a matsayin alamar wuta na ci a ƙarƙashi. Tsibin taki mai tsayi, wanda ya fara bushewa, yana iya kama wuta da kansa idan zafin sinadarai ya karɓi aiki daga inda halittu suka tsaya. Tunda tsibi mai lafiya ma yana fitar da CO, adadi ɗaya ba ya isa hujja. Abin dubawa shi ne hauhawar iskar tare da zafin da ya wuce digiri 80, inda halittun da ke ruɓar da taki ba sa iya rayuwa.

7.0 Abin da Ya Rage Mana Mu Auna

Yawancin alƙaluman da na kawo daga ƙasashen sanyi suke, daga ciyawar lambu da kashin dabbobi da garin katako. A Kano ko Maraɗi ko Yamai, zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40 a inuwa, hunturu yana busar da fatar tsibi cikin yini guda, rana kuma tana dukan sa kai tsaye. Zafi da bushewa da hasken rana su ne abubuwa ukun da binciken Conrad da Seiler da na Schade suka nuna suna ƙara samar da CO, bushewar kuma tana raunana bakteriyar da ke cin ta a fatar tsibi. Kayanmu ma daban suke: karan dawa, ɓawon gyaɗa mai maiƙo, ƙaiƙayin shinkafa, toka mai yawa, da jini da kayan ciki daga kwata. Hasashena shi ne tsibin bazara a yankinmu zai fi adadin Turai, musamman idan an haɗa shi da ɓawon gyaɗa ko sharar kwata, kuma hasashe ne da sashen kimiyyar ƙasa na kowace jami'a zai iya gwadawa.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Tsibi shida sun isa a fara: biyu na sharar kasuwar kayan miya, biyu da aka ƙara wa ɓawon gyaɗa, biyu da aka ƙara wa sharar kwata, ɗaya daga kowane nau'i a rana, ɗaya a ƙarƙashin rumfa. A kifa akwati marar gindi a kan tsibi a auna yadda iskar ke taruwa a cikinsa, da asuba da kuma azahar, kafin juyi da bayansa, a maimaita a hunturu da bazara da damina. A maƙala wa mai juyin na'ura a ƙirji, kusa da hancinsa, domin wannan ne adadin da ya shafi jininsa. Kafin sakamakon ya fito, duk hukumar shara ko kamfanin da ke shirin gina masana'antar taki yana da zaɓi a hannunsa tun daga zane: rumfa mai rufi marar bango, wadda tsawonta ya gitta hanyar iskar gabas, da na'urar gargaɗi mai batiri a duk ɗakin da dole a rufe, da ƙa'idar cewa ba wanda zai shiga da safe sai an buɗe ƙofofi biyu an kuma duba abin da na'urar ta nuna.